Faifan da Ya Yi Shiru

Ihun Anti Yemisi ne ya tashi gidan. Yayata ce, kuma duk unguwarmu a Badun an san muryarta, in ta kira yaro daga bene har na maƙwabta sai ya amsa. Na fito da buta a hannu, na tarar da ita a ƙofar ɗakin sama ta ɗora hannu biyu a ka.

"Baba Bunmi, zo ka gani! An farke cikin Akwatin Baba!"

Akwatin Baba kwamfuta ce baƙa marar allo, wadda 'yata Bunmi ta haɗa da hannunta. Ita tana ce mata saba, mu kuwa sunan da muka raɗa mata ke nan. Gidanmu gidan makaɗa ne tun kaka da kakanni, kuma duk kiɗan da mahaifinmu Ayanlowo ya yi a duniya yana cikin akwatin nan. Bunmi ta kwashe shi daga tsofaffin kaset kafin danshi ya gama cinye su, yanzu kaset ɗin ko ɗaya ba ya magana. 'Yan'uwanmu da ke ƙasashen waje daga wayoyinsu suke sauraro. Ranar Asabar mai zuwa kuma za a yi addu'ar cika shekara da rasuwarsa, kuma ni da bakina na cika wa rabin garin baki cewa za su sake jin kalangun Ayanlowo.

Faifan ajiya biyu ne a ciki, abin da ke kan wannan shi ke kan wancan, shi ya sa Bunmi ta sa musu Taiwo da Kehinde, sunayen tagwaye a wajenmu. A makon nan ta zo cin abinci, ta faɗa a gaban kowa cewa Kehinde ya mutu, ta sayo sabo, ranar da ta samu sarari za ta cire mataccen ta jefa a bola. Ban damu ba. In na wuce ta ƙofar ɗakin ina jin akwatin yana wani ƙas-ƙas a hankali, sai in ce a raina Baba na nan yana motsa hannu.

Yanzu ga murfin gefe an jingine shi da bango, an zare wuta, wayoyi na reto, gurbin faifai ɗaya fayau.

Kafin in gama salati tsakar gida ta cika. Rabin mutane suka ce Sikiru ne, mai gyaran wutar da ya zo sauya batirin inbata shekaranjiya. Sauran suka ce Dokun ne, ɗan ƙanena, wanda ya ajiye kalangu ya koma kiɗan na'ura a gidajen biki. Ni duka biyun na zarga, don raina ya ɓaci sosai.

*

Bunmi ta iso a kan acaɓa da jakar aikinta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaishe da Anti, ta miƙe ta ce kowa ya fita daga ɗakin. Har ni.

Bari in faɗa tun yanzu, don zan faɗa ko an hana ni: babu mai ido irin na yarinyar nan a duk Badun. Kakanta na wajen uwa maharbi ne a garin Saki, kuma duk hutun makaranta can take tafiya. Sa'anninta suna koyon girki, ita tana bin tsoho a daji tana koyon bambanta sawun gada da na akuya. Da ta girma ta buɗe shagon gyaran kwamfuta, amma halin bai sake ta ba. Ba ta taɓa abu sai ta gama kallonsa.

Ta tsuguna a bakin ƙofa ta daɗe tana duban ƙasa.

"Anti, kun yi rawa a nan ne?"

"Rawar ubanki! Ɓarawo ya shigo, in tsaya ina tauna taku?"

"Kun share min sawu tas," in ji Bunmi, tana murmushi.

Ta shiga a hankali. Ta leƙa cikin akwatin, ta karanta lambar faifan da ya rage, sai na ga fuskarta ta canza.

"Baami," ta ce, wato babana a yarenmu, "Kehinde aka bari. Taiwo aka ɗauke."

"To ai ɗaya ne, ko?"

"Wanda aka bari matacce ne, ba ya karantuwa. Kiɗan Baba yanzu wuri ɗaya kawai yake a duniya, a hannun wanda ya ɗauki Taiwo."

Na zauna a kan matakala. Anti ta fara kiran sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, tana neman su tashi su ga abin da ya same mu.

Bunmi ba ta kula mu ba. Ta nuna min teburin da ke gefe. Sabon faifan yana nan a kwalinsa, ko ledar ba a yage ba.

"Wane irin ɓarawo ne zai bar sabo dal ya sha wahalar kwance tsoho?"

Ƙusoshin da aka kwance an jera su a cikin murfin kwalba, kawunansu duk a karce. Ta ce ba da sukudireba aka murɗe su ba, da bakin wani abu mai tsini ne. Daga nan ta kunna fitilar wayarta ta haska murfin akwatin ta gefe, yadda ƙurar da ke kai ta fito fili. Ta matsa hanci ta sansana. Ta miƙe ta kashe fitilar.

"Me kika gani?"

"Mu je wajen Buroda Sikiru," kawai ta ce.

*

Mun same shi a ƙofar shagonsa ya tasa amala da miyar ewedu a gaba. Labari ya riga mu isa, don ko tayi bai yi mana ba.

"Baba Bunmi, na ji an ce ni ne. Ni Sikiru! Wayar gidanku wa ya ja ta? Lokacin da mitarku ta kama wuta wa ya shiga?"

"Ba wanda ya ce kai ne," na ce, alhali ni ma na faɗa.

Bunmi ta tambaye shi ko ya taɓa akwatin ranar da ya zo. Ya ce Allah ya kiyaye, shi batir ya sauya ya fita, sai dai ya ji akwatin yana wani kuka da bai yi masa daɗi ba. Ta nuna masa hoton ƙusoshin a wayarta. Sikiru ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya janyo jakarsa ya zazzage sukudireba manya da ƙanana a kan benci.

"Dubi nan, Sisi mi, ƙanwata. Ko sata zan yi, da mutuncina zan yi ta. In karce kan ƙusa haka? Ai wannan ya fi zargin sata ciwo."

Bunmi ta yi dariya, amma na lura ba jakar take kallo ba. Gefen kansa take kallo. Har Sikiru ya shafa kunnensa ya ce ko miya ce ta taɓa shi.

*

Kafin mu koma gida Anti ta riga ta yanke hukunci. Ta shiga ɗakin Dokun yana barci, ta zazzage jakarsa, ta fito da wani ɗan faifai tana ɗaga shi sama a tsakar gida.

"Ga shi! Ɗan da ya raina kalangun gidansu, me zai hana shi sayar da kakansa?"

Dokun ya fito daga shi sai gajeren wando, ido jajir. Kowa ya san ya daɗe yana roƙon a ba shi kiɗan Baba ya cakuɗa da nasa, manya suka hana, Bunmi kuma ta toshe hanyar kwafa. Don haka da na ga faifan nan sai da na fara naɗe hannun riga.

"Baami, ku dakata," in ji Bunmi. Ta karɓi faifan ta juya shi. "Wannan na aljihu ne. Taiwo ya ninka shi girma."

"Waƙoƙin biki ne a ciki!" in ji Dokun. "Jiya ma a Oshogbo na kwana, ku tambayi direban da ya kawo ni. Anti Bunmi, ke ma kin yarda zan yi wa Baba haka?"

"Juyo nan." Ta kama haɓarsa ta juya kansa dama da hagu. Kunnuwansa duka biyu da 'yan kunne, abin da ya sa na yi wata ban amsa gaisuwarsa ba. "Je ka sa riga. Yau 'yan kunnen nan sun yi maka rana."

Anti ta ce ita dai ba ta gamsu ba, ta koma kan Sikiru.

*

Bunmi ba ta bi ta matakalar gaba ba, ta ce Anti da jama'arta sun tattake ta. Ta zagaya ta ƙaramar matakalar baya, wadda ba mai bi sai mai shanya. A kan matakin ƙasa ta nuna min 'yar jar laka da ta bushe, da alamar yatsun ƙafa ba takalmi. Ni ban ga komai ba sai datti, amma na gyaɗa kai.

Ta bi ta bayan kicin, ta wuce rijiya, tana tafe a sunkuye. Sama ta fara haɗa hadari ta gabas, iska na kaɗa kayan shanya. Muka ɓulla gindin tsohon mangwaron bayan gida, inda rumfar Baba Kekere take.

Baba Kekere ƙanin mahaifinmu ne, sunansa Ayanrinde, shi kaɗai ya rage a cikin iyayenmu. Bai taɓa son fita kiɗa ba. Aikinsa sauya fata, kuma duk kalangun da Baba ya riƙe a rayuwarsa hannun Baba Kekere ne ya ɗaure shi. Mun same shi ya shafe sabuwar fatar akuya da man kaɗanya, ya manna kunne a kai yana ƙwanƙwasa ta da yatsa. Na kwanta na gaishe shi, Bunmi ta durƙusa.

"Tun safe nake jin hayaniya," ya ce. "Me aka ɗauka?"

"Faifai mai rai, Baba. Wanda kiɗan yayanku ke ciki," in ji Bunmi.

Tsoho ya ajiye basillar da ke hannunsa. "Mai rai? Kai! Allah ya tona asirin ko wane ne."

Bunmi ta ce amin. Ta tashi ta zaga gindin mangwaron. Wurin nan ba a wasa a cikinsa, don nan ake binne fata. A gidanmu fatar kalangun da ta yage ba ta zuwa bola, tunda ta yi magana da sunan mutane. Wanda ya sauya ta shi zai naɗe ta a farin ƙyalle, ya sa a tukunya ya binne, kuma ba ya faɗa wa kowa ranar ko wurin. Bunmi ta tsaya a wani gefe inda busassun ganye suka kwanta da kyau fiye da sauran. Ta ɗaga kai ta dubi hadarin. Sai ta ruga kicin ta ɗauko babban bahon wankin Anti ta kife a wurin, ta ɗora dutse a kai.

"Wannan kuma fa?" na tambaya.

"Baami, ku tara min kowa a ɗakin sama. Har da Baba Kekere, ku roƙe shi."

*

Ɗakin ya cika har matakala. Sikiru ya harɗe hannu a jikin taga, Dokun na kusa da ƙofa, Anti ta zauna a tsakiya tana huci. An kawo wa Baba Kekere kujera. A waje an fara cida.

Bunmi ta mayar da wuta ta kunna akwatin. Fanka ta tashi, can sai ga sautin nan: ƙas-ƙas, shiru, ƙas-ƙas.

"Tambaya ɗaya ce," ta ce. "Wannan da ke ciki, lafiyarsa ƙalau ko ya lalace? Buroda Sikiru?"

"Injin da ke wannan kukan ya gama yawo."

"Dokun?"

"Nawa ma haka ya yi kafin ya tafi da waƙoƙina."

"Baami, ku manta da abin da na faɗa muku da safe. Kunnenku me ya ce?"

Na saurara. Shekarata nawa ina kiɗa, kuma abin nan bai kuskure ko sau ɗaya ba. Na ce, "Gaskiya, in don kunnena ne, wannan yana da rai. Har ma ya iya riƙe kiɗa."

Makaɗan da ke kan matakala duk suka ce haka ne. Baba Kekere ya yi tsaki, ya dubi Sikiru da Dokun.

"Yaran yanzu ba ku da kunne. Wannan lafiyarsa lau. Ɗan'uwansa ne ya yi shiru, ko numfashi ba ya yi."

Bunmi ta je gabansa ta durƙusa, ta sassauta murya.

"Baba, yaushe kuka saurari ɗan'uwan nasa?"

Ta ɗauko murfin akwatin ta haska shi ta gefe. A cikin ƙurar ga shatin kunne har biyu, ɗaya daidai gurbin sama, ɗaya daidai na ƙasa. Dogon kunne ne ba huda, kuma ya bar maiƙon man kaɗanya.

"Ɓarawo ba ya sauraro kafin ya ɗauka," ta ce. "Mutum ɗaya na sani da ba ya taɓa abu sai ya sa masa kunne."

Baba Kekere bai sunkuyar da kai ba. "Ni ban saci komai ba. Kin ce ɗaya ya mutu za ki jefa a bola. Abin da ya ɗauki muryar yayana, a bola? Na zo na saurara, na bar mai bugawa, na ɗauki wanda ya yi shiru na yi masa abin da ake yi. Da na ji ana neman mai rai, na san ba nawa ake nufi ba."

"Baba, su ba kamar kalangu suke ba. Mai lafiya shi ke yin shiru. Wannan bugun da kuke ji, kukan mutuwa ne."

Tsoho ya jingina da kujera. Ya dubi hannuwansa. "Kina nufin da rai na binne shi?"

A daidai nan ruwa ya fara sauka a kan kwano.

*

Ban taɓa ganin Baba Kekere yana gudu ba sai ranar. Ya riga kowa isa gindin mangwaro, ya tsaya turus da ya ga baho a kife daidai inda ya nufa. Ya juyo ya dubi Bunmi, ruwa na zuba a fuskarsa.

"Kin sani, ba ki tona ba?"

"Ba ni na binne ba, Baba."

Dokun da Sikiru suka ɗaga bahon sama suka yi masa rumfa da shi, Anti ta kwance mayafinta ta tare iska. Ƙasar da ke ƙarƙashi a bushe take. Ya tona da hannu, ya ciro 'yar tukunya, ya rungume ta a ƙirji har ɗakin sama. A ciki Taiwo ne, an naɗe shi a fatar akuya, an sake naɗewa a farin ƙyalle, an ɗaure da ƙulli irin na kalangu.

Bunmi ta busa ƙurar da ke bakinsa, ta duba shi ciki da bai. Ta kashe akwatin, ta zare Kehinde ta ajiye gefe, ta mayar da Taiwo gurbinsa, ta yage ledar sabon ta zura a ƙasa. Ta jona wayoyi, ta ɗaure da sababbin ƙusoshi. Ta kunna.

Ba ƙas-ƙas, ba komai, sai hucin fanka. Baba Kekere ya matso zai manna kunne, sai ya fasa. Bunmi ta duba wayarta ta daɗe, sannan ta ce Taiwo ya amsa, ya fara zuba wa sabon abin da ke cikinsa. Ta jona lasifika ta taɓa waƙa ta farko da hannunta ya faɗa a kai.

Kalangun Ayanlowo ya cika ɗakin. Duk makaɗin da ke wurin ya san abin da yake faɗa, don haka Baba yake buɗe kowane wasa, da kiran wanda ya ɗaure masa fata: Ayanrinde, kana ina? Ayanrinde, kana ina?

"Ga ni, Yaya," in ji Baba Kekere da ƙarfi. "Ga ni nan."

Anti ta fashe da kuka. Ni ma na yi, ban ɓoye ba. Da ta share ido ta aika aka sayo wa Sikiru lemo mai sanyi, ta ce wa Dokun ya zo ya ci abinci, wanda a wajen Anti ya fi ban haƙuri.

Bunmi ta ɗauki Kehinde da hannu biyu, ta durƙusa ta miƙa wa Baba Kekere.

"Wannan shi ne mataccen, Baba. Ya yi wa yayanku aiki har ya gaza. Na yi kuskure da na ambaci bola."

Tsoho ya karɓa ya naɗe shi a farin ƙyallen, ya ɗaure, ya sa a tukunya. Muna jira ya tashi da ita, sai ya tura ta gaban Bunmi.

"Ba ni na sauya shi ba. A gidan nan wanda ya sauya shi ke binnewa."

Tun da aka kafa gidanmu ba a taɓa miƙa wa mace tukunyar nan ba, balle wadda ba ta taɓa rataya kalangu ba. Ni da na yi shekaru ina kaɗa wa 'ya'yan wasu take a bainar jama'a, ranar na rasa abin da zan faɗa wa tawa. Kaina ya yi girma har na ji hulata ta matse ni.

Ranar Asabar Badun ta ji kalangun Ayanlowo kamar yadda na yi alkawari, kuma duk wanda ya zo gaishe ni sai da ya ji labarin nan daga farko, ko yana so ko ba ya so. Abu ɗaya ne ban iya ba su ba. Suna tambayata ina aka binne Kehinde, ni ma na tambaye ta, har sau biyu. Ta durƙusa ta ce, "Baami, ku ma kun san ba a faɗa."